Rufin Majalisar Gulbin Baure

Masu ba da labari sun ce, a wani zamani da bai yi nisa da namu ba, an yi wata jiha mai suna Gulbin Baure, wadda gwamnatin tarayya ta sakar wa ragamar ruwanta da gonakinta. Gwamnanta, Maiwada Nomau, ba ɓarawo ba ne, ba kuma rago ba ne. Aibinsa ɗaya: Allah ya yi shi ba ya son a ce masa "don me?"

Wata shekara sai ya sa aka toshe ƙofofin madatsar ruwa duk rani, aka juya ruwan zuwa sabuwar gonar shinkafar gwamnati. Shinkafa ta yi kyau, har a talabijin an nuna. Amma can ƙasan gulbi, albasar mutanen fadama ta fara kwanciya saboda rashin ruwa. Wakiliyarsu a majalisar dokoki, Hajiya Tasalla Bawa, 'yar jam'iyyar gwamna ce, shi da kansa ya ɗaga hannunta ranar kamfe. Ita ce kuwa ta miƙe ta kawo ƙudiri, majalisa ta amince gwamna ya zo da ƙafarsa ya yi bayani, tunda kwamishinan ruwa ya zo ya yi ta kame-kame.

Kai, ran Maiwada ya ɓaci! 'Yan kanzagi suka ce, "Ranka ya daɗe, abin ai mai sauƙi ne. Tura kafintoci su kware rufin majalisa da sunan gyara. In babu zaure ina za a zauna? Kafin a mayar da kwano damina ta sauka, magana ta mutu."

Ya ba da umarnin, ranar zaman kuwa ya fita lambun gidan gwamnati da sassafe yana ta huci. A lambun akwai wani tsohon gauraka da ya ga gwamnoni sun shigo sun fita, har ya iya magana, bakinsa kuma ba shi da linzami.

Gauraka ya ce, "Ranka ya daɗe, yau kuma da wa ake yi? Tun ɗazu kake tattake mini ciyawa."

Gwamna ya zayyana masa komai, ya ce, "Matar da na tsamo daga koyarwa a firamare, ita za ta tsayar da ni kamar ɗan aji?"

Gauraka ya karkace kai ya ce, "Af, ashe abin da ya sami Madugu Ƙosau ne ya same ka."

Gwamna ya ce, "Wane ne kuma Ƙosau?"

Gauraka ya ce, "Zauna ka ji.

"A zamanin fataucin goro, in ayari zai tashi zuwa Gwanja, fatake su ke zaɓar madugu su damƙa masa hanya. Amma ba sa sakar masa ita haka nan. Masu takarkari su fitar da bakinsu, masu jakai su fitar da nasu, 'yan alaro masu ɗaukar kaya a ka su ma su fitar da nasu. Duk zangon da aka sauka, sai madugu ya sauko daga doki ya zauna a ƙasa, waɗannan wakilai su yi masa tambaya kowa yana ji.

"To, Ƙosau gwani ne, ya san hanya kamar tsakar gidansu. Wata tafiya ya ji labarin wani ayari na gabansu, ya rantse sai ya riga shi shiga kasuwa. Ya tsawaita tafiyar yini, ya riƙa tsallake zango. Shi yana gaba a kan doki, bai san ƙafafun 'yan alaro sun farfashe a baya ba. Da ya ji ana gunaguni, sai ya ƙirƙiro dabara: ya daina sauka sai kowa ya galabaita, yadda ba mai sauran ƙarfin zaman tambaya.

"Wakilin 'yan alaro wani baƙin dogo ne, Jatau. Wata safiya ya ajiye kayansa a tsakiyar hanya, ya kama linzamin dokin madugu. Ƙosau ya daka masa tsawa. Jatau ya ce, 'Madugu uban tafiya, ba da hannuna na riƙe ka ba, da hannun waɗanda suka aiko ni ne. Ka ji labarin Raƙumin Dawa, sannan in sake ka.'

"Ƙosau ya ce, 'Yi maza.'

"Jatau ya ce, 'Wata shekara gobara ta ci daji, namun dawa suka naɗa Raƙumin Dawa ya ja su, don shi ke hango nesa. Ya kuwa ja su da kyau har bakin wani kogi. Ya shiga ya gwada, ya fito ya ce, Ku shigo, ruwa iya gwiwa ne. Bushiya, wadda ƙananan dabbobi suka zaɓa ta yi magana da yawunsu, ta ce, Shugaba, dakata. Gwiwar wa? Raƙumin Dawa ya fusata ya ce, Wuta na bayanmu, ke kina tambaya? Ya sa Giwa ta ture ta gefe, aka afka ruwa. Da aka haye ya waiwaya, babu zomo, babu kurege, babu gafiya, sai 'yan dogaye irinsa suna kakkaɓe jiki. Madugu, Raƙumin Dawa bai yi wa kowa ƙarya ba. Da gaskiya ya auna ruwan, amma da ƙafarsa ya auna.'

"Sai Ƙosau ya sauko, ya zauna a ƙasa nan tsakiyar hanya, ya ce, 'Ku tambaya.' Suka kuwa tambaye shi, ba sassauci, har gumi ya jiƙa masa rawani. Daga ranar aka koma sauka a kowane zango."

Gwamna ya ce, "To, ya riga wancan ayarin?"

Gauraka ya ce, "Ina! An riga shi, ya tarar goro ya yi tsada, ya yi asara mai zafi. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Amma ko mutum ɗaya bai bari a daji ba. Kuma shekara da shekaru, in mutanensa suka haɗu da wasu fatake a zango, sai ka ga sun buɗe kafaɗa suna cewa, 'Mu namu madugun, muna tsayar da shi mu tambaye shi, ya kuma amsa.' Ranka ya daɗe, ka san gonar shinkafa, na yarda. Yaushe rabonka da fadama? Ita Tasalla can take kwana. Kuma in ka kware rufin nan, ba ita ka rufe wa baki ba, duk wanda ya yi layi a rana ya dangwala mata ƙuri'a ne. A layin nan kuwa kai ma aka dangwala maka."

Maganar ta soki Maiwada, ya ji kunya ta lulluɓe shi tun daga ka har ƙafa. Ya ce, "In na je ta kunyata ni fa?"

Gauraka ya ce, "Za ta yi, mana. Aikin da aka aike ta ke nan. Kai naka aikin ka tsaya."

Gwamna ya miƙe ya kira direba, ko jiniya bai bari an kunna ba. Ya isa majalisa ya tarar kafintoci sun kafa tsani, ya ce su sauko su tafi. Ya shiga zaure, benen 'yan kallo cike da manoman fadama, wasu da busasshiyar albasa a hannu.

Kakakin majalisa ya ba Hajiya Tasalla dama. Ta miƙe, ta gyara mayafi. Ta ce, "Mai girma gwamna, ban manta alherinka ba. Amma mutanen fadama suka aiko ni. Kafin a toshe ruwan nan, wa aka tambaya a cikinsu?"

Maiwada ya dafa tebur ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ba a tambayi kowa ba. Ni na yanke, kuma ban duba ƙasan gulbi ba."

Ba ta ƙyale shi ba. Ta tambaye shi yaushe za a buɗe, wa zai tsara rabon ruwan, me za a yi wa waɗanda gonarsu ta riga ta ƙone. Wasu wakilan ma suka taso masa. Wata tambayar ya amsa, wata ya ce bai sani ba, zai dawo da amsa. Kafin azahar majalisa ta zartar a buɗe ƙofofin ruwa a ranar, a kuma kafa kwamitin rabo da manoma a ciki. Ya san rabin shinkafarsa ta tafi ke nan, abin kuwa ya yi masa ciwo.

Yana fitowa, rigarsa sharkaf da gumi, ya wuce ta gindin bene. Wani tsoho mai guntun gemu yana jan hannun wani baƙo da ya zo daga maƙwabciyar jiha, yana nuna Tasalla, bakinsa har kunne.

Tsohon ya ce, "Ka gan ta nan? Mu muka zaɓe ta."

Sai idonsa ya faɗa kan gwamna. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙara jan hannun baƙon ya ce, "Shi ma wannan da ya tsaya, mu muka zaɓe shi."