Ya Ce Waya Ce

An yi wani mutum a arewacin Italiya, a garin da na yi shekara ashirin da biyu ina wanke ƙarafan motocin tsere. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa suna raye. Injiniya ne, kuma ko maƙiyinsa bai taɓa cewa bai iya aiki ba.

Ya 'yan uwa, a wannan sana'a nauyi ne abokin gaba. Wannan mutum ya zana sabuwar sandar da ke riƙe da fistin, ƙarfen nan da ke hawa da sauka a cikin injin, ya rage mata giram goma sha ɗaya. Injin ya ƙara gudu. Aka ba shi shugabancin sashen injin, kujerar da ya yi shekara goma sha biyar yana jira.

Dokar tseren ita ce, da zarar an shiga kakar wasa an rufe zanen injin, ba mai taɓa shi sai baɗi. Ƙofa ɗaya aka bari. In wani ƙarfe yana karyewa, sai ka rubuta wa hukumar tsere takarda ka ce ga abin da na zana, ga inda ya gaza, a ba ni izini in gyara. Amma hukuma sai ta raba wa abokan hamayyarka takardar su karanta kafin ta amince.

A tseren farko injin ya fashe. Aka gaya wa 'yan jarida matsalar lantarki ce. Tsohuwar al'ada ce wannan, kowane gidan tsere yana yi, ba wanda ke ɗaukarta da gaske. Da aka dawo da injin, ga rami a gefensa da hannu zai shige. Tsohon bakanikenmu Nerio ya leƙa ya ce, "Lantarki ne mana! Sanda ta fasa bango ta fito shan iska, ta tsinke waya a hanya."

Muka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya koma ofis ya rubuta a rahoton cikin gida cewa waya ce ta fara tsinkewa, wutar injin ta rikice, sannan sanda ta karye. Ƙaryar da ake yi wa baƙo a bakin ƙofa, shi ya shigo da ita ɗaki ya ba ta kujera.

Wata guda mutane suna bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya. Injin na biyu ya fashe. Aka sallami Ermes, wanda ya yi shekara talatin yana haɗa wa gidan nan wayoyi. Ranar da zai tafi ya tsaya a ƙofar ofis, akwatin kayan aikinsa a hannu, ya ce, "Injiniya, wayar da na haɗa, ko kai aka rataye da ita ba za ta tsinke ba. Ka kwana lafiya in za ka iya."

Akwai yadda ake gane tsaga a ƙarfe. A shafa masa jan ruwa, a goge, a fesa farin gari. In akwai tsaga, jan zai fito kamar jijiyar ido. Mutumin nan ya ɗauki sanda ya gwada da hannunsa, shi kaɗai. Jan ya fito, daidai inda ya rage nauyi. Ya sa ta a aljihun riga. Ya gwada wata. Ita ma haka.

Ku saurara, don nan ne abin ya daɗe yana damuna. Cikin kwana uku ya zana gyaran, kuma gyaran daidai ne. Ya buga takardar hukuma da kansa. Abu ɗaya ya rage, ya sa hannu. Amma sa hannu yana nufin injiniyoyin Ingila da Jamus su karanta cewa sandarsa ba ta da ƙwari, mai gidan ya san an kori Ermes a banza. Sai ya ce bari a wuce wannan tseren. Aka wuce. Ya ce bari a wuce na gaba.

Ya daina zuwa ɗakin cin abinci. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In ana gwada injin sai ka gan shi a bayan gilashi, leɓɓansa suna motsi, yana ƙidaya daƙiƙu. Shin wannan rayuwa ce? Wace kujera ce ta kai wannan azaba?

Ana jibi tseren gida, ya ja direbanmu Saverio gefe ya ce masa, "Ka riƙa lallaɓa injin a doguwar hanya. Kar ka matse shi."

Saverio ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa. "Haba Injiniya, in lallaɓawa ce ai da motar surukata na aro. Ba kun ce kun gyara wayar ba?"

"Mun gyara."

"To me kuma? Je ka sha kofi, ka yi fari fat kamar gawa."

Kalma ɗaya ce tsakaninsa da gaskiya a wannan lokaci, ya haɗiye ta.

Ranar Lahadi, a zagaye na talatin da takwas, Saverio yana kan gaba. Yana shiga kwanar da ake wucewa da gudun kilomita ɗari biyu da tamanin, sanda ta karye. Baƙin mai ya kwarara a kan tayoyinsa na baya. Motar ta juya ta daki bango. An yi minti ashirin ana yanka ƙarfe kafin a fito da shi. Bai mutu ba. Amma daga ƙugu zuwa ƙasa bai ƙara jin komai ba, yana da shekara ashirin da bakwai, matarsa da cikin wata shida.

Wannan karon 'yan sanda ne suka ɗauke injin. Suka buɗe ofishin mutumin, suka sami sanduna bakwai a durowa, kowace da jan layinta.

Ranar Litinin ya shigo wurin aiki da takardar hukuma a hannu, ya sa mata hannu, yana bin mutane yana nuna musu. Ba wanda ya ɗaga kai. Da ya isa kan Nerio, tsohon ya ci gaba da goge sifanarsa ya ce, "Ajiye abarka, Injiniya. Wa za ka kai wa? Kowa ya riga ya karanta."

Kotu ta ɗaure shi. Da ya fito, ba gidan da ya yarda ya taɓa masa ko injin yankan ciyawa. Sau huɗu yana zuwa ƙofar Saverio, ba a buɗe ba.

Ya 'yan uwa, kuskuren zane ba zunubi ba ne. Kowane mai sana'a yana yi. Abin da ya halaka mutumin nan girman kai ne, da shaidar zur a kan wanda bai ji ba bai gani ba, da jinkirta tuba. Bai yi nufin ya karya bayan kowa ba. Mako guda kawai yake nema, kullum mako guda. Wa ya ba shi tabbacin makon? Wa ya ba ka, kai da ka san abin da ka ɓoye da wanda ka bari ya ɗauki laifinka?

Ya Ubangiji, ka ba mu ƙarfin cewa ni ne na yi, tun faɗar tana da amfani. Allah ya kiyaye mu daga gaskiyar da ta zo a makare. Amin.