Ɗan Mitsil a Lambun Iya Tabawa

Ga ta nan tafe, ku gyara zama.

An yi wani jan ƙwaro, Ɗan Mitsil. Bai kai ƙwayar gero ba, amma cikinsa ba ya cika. Ya tare a lambun Iya Tabawa, ƙarƙashin ganyen furanninta masu ruwan ɗorawa, yana tsotsa yana saƙar zare.

Ƙadangare ya hango shi, ya buɗe baki.

Mitsil ya ce, "Ranka ya daɗe, masaƙinka za ka cinye? Hula nake saƙa maka. Dubi yadda rana ta gasa maka kai."

Ƙadangare ya shafa kai. "Yaushe za a gama?"

"Kana ta gyaɗa kai, ya zan auna? Tsaya cik."

Ƙadangare ya gwada, ya kasa, ya tafi koyo.

Da gari ya waye Zakara ya shigo kiwo, ya karkato ido. Mitsil ya dunƙule.

"Alhaji, ni garin barkono ne. Wanda ya haɗiye ni bara, har yau cararsa sai ka ce kukan agwagwa."

Zakara ya yi gyaran murya, ya ce dama a ƙoshe yake.

Mitsil ya hau kirari: "Ni ne Mitsil, na ci ganye na bar wa tsohuwa kara!"

Da gari ya waye Iya Tabawa ta tarar ganye duk ya ƙwaƙule. Ta daka darbejiya da barkono, ta jiƙa da sabulu, ta tsoma tsintsiya, ta soma yayyafa wa furannin.

Mitsil ya miƙe ƙafa. "Ruwa daga sama yake zuba, ni kuwa ina da rufi."

Bai san Iya ba. Ita ko ƙwarya za ta wanke, sai ta bi ciki da baya. Ta riƙa juya ganye ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kansa.

"Iya, ni barkono ne."

"To, ga 'yan'uwanka nan," ta fyaɗa masa.

Mitsil ya kama zare, iska ta jefa shi cikin tumatirin maƙwabci, ido a kumbure, yana atishawa.

"Dama furannin sun soma ɗaci," in ji shi.

Ƙadangare ya leƙo daga katanga. "Malam, ina hulata?"

"Ka tsaya cik tukuna."

Ƙurunƙus, kan jan ƙwaro.