Wanzamin da Ya Je Tungar Barade

A zamanin da, a wata ƙasa da ke bakin wani babban kogi, an yi wani sarki da ya gaji sarauta yana da ƙuruciya, ya gaji kuma wazirin ubansa, Waziri Bagudu. A hayin kogin akwai wata tunga inda aka ajiye tsofaffin baraden da suka yi wa uban sarkin yaƙi. Shekara ashirin ba mai taka wurin, domin Waziri ya cika gari da cewa yaƙi ya taɓa musu hankali, duk wanda ya shiga ba ya fitowa.

Wata rana masunta suka kawo labari fada, suka ce sun hango tsofaffin nan suna haƙa ramuka, ana kuma jin ƙarar maƙera daga tungar. Waziri ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, tawaye ne. A tura mayaƙa a ƙone wurin."

Sarki ya ce, "Ba na ƙone mutanen ubana a kan jita-jita. Wa zai je ya zauna da su, ya ci abin da suke ci, ya dawo mini da gaskiya bayan kwana bakwai?"

Fadawa suka yi ta kallon juna. Can daga bakin zaure wata murya ta ce, "Ni zan je, ranka ya daɗe."

Aka waiwaya, sai ga Cindo wanzami, mutumin da ko karen maƙwabta ya yi haushi sai ya sake hanya. Shi kansa bai san lokacin da maganar ta fito ba. Abin da ya tuna kawai, mahaifinsa ne ya yi wa baraden nan askin tafiya yaƙi, ya kuma rasu yana ambaton sunayensu.

Da aka tashi, Waziri ya ja shi gefe ya ce, "In ka dawo ka faɗi wani abu ban da tawaye, to ka yi wa iyalinka ban kwana."

Gari na wayewa Cindo ya rataya zabirarsa. Mai fito ya sauke shi a hayi, ya juya kwalekwale da sauri ko sallama babu. Cindo ya nufi tungar. Yana isa ya ga ramukan a jere, ya ƙirga sha ɗaya. Sai ya ji tsinin mashi a gadon bayansa.

Mai mashin, wani tsoho mai hannu ɗaya, ya tasa shi gaba har gindin wata tsamiya, inda shugabansu, Jarmai Ɗankande, ke zaune. Makaho ne, gashi ya rufe masa kunnuwa.

Jarmai ya ce, "Wa ya aiko ka ka kashe mu?"

Cindo ya ce, "Baba, ni wanzami ne, ɗan Barmo wanzami. Aski na zo yi muku."

Jarmai ya zaro wuƙa ya ɗora ta a kan cikin Cindo, ya ce, "To bismilla. In askarka ta kauce, tawa ba za ta kauce ba."

Cindo ya jiƙa kan, ya wasa aska, gumi na shiga masa ido. Da askar ta taɓa fata, sai ya ji tsohon ya yi firgigit, jikinsa duk yana ɓari. Nan ya gane ba shi kaɗai ke jin tsoro ba. Ya sassauta murya, ya shiga ba shi labarin gari: wace rijiya ta ƙafe, wane limami ya rasu, 'yar wane ta yi jikoki. Kafin ya gama, wuƙar ta faɗi ƙasa, sauran tsofaffin sun fito daga bukkoki sun kewaye shi, kowa na tambayar unguwarsu.

A rana ta uku ya yi ƙarfin halin tambayar ramukan. Jarmai ya ce, "Ɗana, kaburburanmu ne. Mutum ɗaya ya rage a cikinmu mai iya haƙa, shi ma tari ya kama shi. Muka narka takubba muka ƙera diga, don kada na ƙarshe ya zama abincin ungulu."

Cindo ya ce, "To me ya sa ake ba mutane tsoronku?"

Jarmai ya ce, "Saboda mun ga abin da Bagudu ba ya so a sani. Ranar yaƙi shi ke riƙe da tuta, ya yar da ita ya gudu, mutanenmu suka hallaka. Ni na bi shi na sare shi a ƙeya."

A rana ta bakwai Cindo ya koma, ya tarar fada ta cika, Waziri ya kafe shi da ido. Ya faɗi ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Allah ya ba ka nasara, gaskiya ne suna shirin tarbar wani mayaƙi. Ba ganuwar da ke tsare shi, kuma garin nan ma zai shigo."

Waziri ya yi farat ya ce, "Sarki ya ji! Ni ma na san da wannan mayaƙi, na san sun yi masa mubaya'a!"

Sarki ya ce, "To Waziri, faɗa mana sunansa."

Waziri ya yi ta kame-kame. Cindo ya ce, "Mutuwa ce, ranka ya daɗe. Kaburbura suke haƙa wa kansu, don ba su da mai binne su." Ya kwashe sauran labarin ya faɗa, yana jiran jin takobi a wuyansa.

Sarki ya umarci Waziri ya kwance rawani. Ya ƙi, dogarai suka kwance masa, sai ga tabon sara daga ƙeya har wuya. Nan take aka tuɓe shi, aka kore shi daga ƙasar. Sarki ya yi doka, kowace unguwa ta riƙa tura mai ziyara tungar duk mako, ya ce shi zai fara.

Kashegari jama'a suka haye kogi da abinci da tufafi. Amma tsofaffin na jin hayaniyar taro suka ɗauka ranar ƙonewarsu ce ta zo, suka shige bukka ɗaya suka tokare ƙofa. Sarki ya yi sallama sau uku, ba amsa.

Cindo ya matsa ya durƙusa a bakin ƙofa, ya ce, "Baba Jarmai, ni ne Cindo. Ba mai makami a nan. Ɗan ubangidanku ne ya zo gaishe ku."

Sannan ƙofar ta buɗe kaɗan, Jarmai ya miƙo hannu yana lalube. Sarki ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya kama hannun da hannuwansa biyu, ya ce, "Baba, mun makara. Ku yafe mana."