Ƙarfen Sabis da Makau Ya Kora

Akwai wani mutum a Tungar Lirwanu, wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, ana ce masa Makau mai tudu. Ba sarauta ba ce fa. A duk garin babu inda waya ke kama sabis sai kan wani tudu da ke cikin gonarsa, ƙetaren rafi.

Nan ya kafa rumfa, ya ajiye ɗan janareta yana cajin waya. Mai kiran ɗansa a Legas, mai son jin farashin wake a Gummi, kowa sai ya hau tudun. Sabis ɗin kuma ba ya tsayawa sai daidai bakin rumfar, don haka duk abin da ka faɗa a kunnen Makau ne.

To, kun san ɗan Adam. Makau ya san wadda aurenta ke rawa, ya san wanda ɗansa ke hannun 'yan sanda. Dattawan da suka yi jika da shi su ke fara gaishe shi. In ka ɓata masa rai sai ya ce, "Yau tudu na hutu," ka koma gida da wayarka a aljihu. Wallahi abin ya hau masa kai.

Wani rani, wajen shekarar 2014, wani injiniya mai suna Mas'ud ya zo ƙofar mai gari da maganar kafa ƙarfen sabis.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, aikin haɗin gwiwa ne. Gwamnati za ta gyara hanya ta sassauta haraji, kamfaninmu ya kawo ƙarfe da injuna, ku kuma ku ba da fili da masu gadi. Murhu ne mai duwatsu uku, in ɗaya ya goce tukunya ba ta zama. In kowa ya kawo nasa, mace za ta kira daga ɗakinta, yaranku su samu har intanet."

Mai gari ya ba da fili kusa da firamare. Aka auna, aka kafa turaku masu jan fenti. Gari ya ɗauki murna, ban da mutum ɗaya.

Makau ya san in ƙarfen nan ya tashi, tudunsa ya koma tudu kawai. Bai je wurin mai gari ba, don ya san ba za a saurare shi ba. Sai ya nufi gidan su Zinatu.

Zinatu a Dareta ta yi aure. Gubar dalma ta shekarar 2010, wadda ta fito daga dutsen zinari da ake niƙawa a garin, ta kashe mata 'ya'ya biyu, ta dawo gidan iyayenta, kuma tun lokacin ba a cika jin dariyarta ba.

Ya ce, "Zinatu, ke kin san abin da ba a gani shina kisa. Ƙarhen ga wata iska shika hitarwa, tana shiga kan ƙananan ɗiya awa dalma."

Ta ɗago kai. "Makau, ka tabbata?"

"Ni da nika wuni cikin wayoyi? In ban sani ba, wa ya sani garin ga?"

Ya san ƙarya yake yi. Wannan ne ke ci mini rai har yanzu, mutum ya ɗauki ciwon uwa ya yi jari da shi.

Ranar da motar kaya ta iso, sai aka tarar da mata zaune cikin filin, goye da jarirai, Zinatu a gaba. Mas'ud ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya ce zai kawo likita su tambaye shi da bakinsu.

Zinatu ta ce, "Dutsin zinari ma ce muna anka yi arziki ne. Biyu anka ɗauka daga hannuna. Ban zama in ga an ɗauki na wata."

Wa zai ja da wannan magana? Mai gari ya sunkuyar da kai. Mas'ud ya ce idan babu filin gari babu yarjejeniya. Aka juya da kayan, aka kai su wani gari can wajen Gummi. Ranar Makau har tsire ya saya wa abokansa.

Sai damina ta faɗi.

Makau yana da 'ya ɗaya tilo, Fatiha, ba ta daɗe da iya magana ba. Zazzaɓi ya kama ta, aka ce na damina ne, zai sauka. Ran kasuwar Bukkuyum duk 'yan kabu-kabun garin suka fita tun safe, har da Zayyad, ƙanen Makau. Da hantsi aka tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Wajen azahar Fatiha ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Uwarta Barakatu ta ƙwala ihu.

"Malam, kira Zayyad shi zo da mashin mu kai ta Anka! Kira shi!"

Makau ya fizgi waya ya ruga rafi. Ya tarar rafi ya kawo, yana jan itatuwa da karan dawa, ko saniya ba za ta ƙetare ba. Ga tudunsa can, ga rumfarsa yana kallo. Ya ɗaga waya sama, babu ko ɗigon sabis.

Ya dawo cikin gari yana gudu. Ya hau rumbu, ya hau katangar masallaci, babu. Bai ankara ba sai ga shi tsaye tsakiyar filin nan na kusa da firamare, hannu a sama, turakun jan fenti kewaye da shi, ciyawa ta kusa rufe su.

Ya koma gida ya saɓa Fatiha a kafaɗa, ya kama hanyar Anka da ƙafa cikin laka, Barakatu na biye tana salati. Yarinyar tana riƙe da wuyan rigarsa. Kafin su kai bakin titi ya ji hannun ya saki.

Da la'asar sakaliya Zayyad ya cim musu a hanya. Tun bai kashe mashin ba ya ce, "Yaya, mi ya hana ka kira ni? Zaune nike banza tun hantsi." Sai ya ga fuskar Barakatu, ya kashe mashin yana salati.

Ranar zaman makoki Zinatu ta zo. Da ta fito daga wurin mata sai ta tsaya bakin zaure, hawaye na zuba.

"Makau, Allah shi ba ka haƙuri, na san zahin ga. Amma ko ba komi kai ka tsare muna sauran ɗiya daga ƙarhen nan. Allah shi saka maka daidai da abin da ka yi muna."

Har zuciyarta take faɗa. Duk mazan da ke zaure suka shafa, suka ce amin. Makau ya buɗe baki, amin ɗin ta ƙi fitowa. Ya kifa kai cikin gwiwa yana kuka, mutane suna ta ba shi haƙuri.

Darasi: Duk wanda ya toshe wa jama'a hanyar alheri don kada girmansa ya ragu, ya sani shi ma cikin jama'ar yake, kuma ranar buƙata ba ta yin sallama. Kada ka yi jari da ciwon wani, kada ka karɓi jita-jita ba bincike ko daga bakin wa ta fito. 'Yan uwa, ku tura wannan ga wasu, wataƙila ya tsayar da wani Makau tun bai yi kuka ba.