Makauniyar Tagar Gidan Hanora

Akwai wani direban babbar mota a birnin Limerick, can ƙasar Turawa, mai suna Fintan Cullinane. Mutum ne mai kirki, sai dai Allah bai hore masa zama wuri ɗaya ba. Ko shayi aka zuba masa, a tsaye yake shanye shi yana ƙona baki.

Gidansu shi ne na ƙarshe a jerin tsofaffin gidajen jan bulo na zamanin sarakunan da masu suna George, masu dogayen tagogi da gilashi kamar mafici a saman ƙofa. Hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi, ba a taɓa jikinsa sai da izini. A nan aka haifi mahaifiyarsa, Hanora, a nan ta tsufa.

Da lokacin kaka ya kama, Hanora ta faɗi a kan matakala ta karye a ƙugu. Likitoci suka ce za ta iya komawa gida, amma ita da hawan bene sun yi sallama. Ita kuwa roƙonta ɗaya ne:

"Ku mai da ni gidana. Ko a bayan ƙofa ne ku shimfiɗa mini."

Fintan ya sauko da gadonta ɗakin ƙasa. Ya shiga, ya fita, ya sake shiga. Ɗakin bai yi masa ba. Tagarsa ɗaya ce, tana kallon titi. A bangon gefe kuwa, ta waje, akwai siffar taga cikakkiya, har da dutsen gindinta, amma a toshe da bulo. Da a buɗe take, da Mama ta riƙa ganin kogi daga kan gadonta.

Ya buga waya ga yayarsa Dervla, wadda take zaune a hawa na huɗu a wani bene can bayan gari.

"Yaya, tagar nan zan fasa."

"Wace taga? Makauniyar? Auta, kanka ɗaya kuwa?"

"Kowa ya san kakanni sun toshe ta ne don gudun harajin taga. Sarkin da ya ɗora harajin ƙashinsa ma ya zama ƙasa. Tsoron wa za mu ji?"

"Kowa ya sani a gidan giya, ka ce. Je ka nemi izini, su zo su duba."

Ya je ofishin hukumar. Jami'ar da ta saurare shi ta ce ba kowace makauniyar taga ce aka taɓa buɗewa ba. Magina na da suna son fuskar gida ta daidaita, dama da hagu, don haka sukan zana taga ko inda babu wurin taga. Ta ce ya dakata makonni kaɗan a turo mai duba bangon.

Fintan ya dawo yana huci. Ya kewaya gidan, ya ƙwanƙwasa bangon ta ciki da guduma, ya ji yana amsawa kamar ganga.

"Kin ji ko?" ya ce wa Dervla da ya sake kiranta, ya kanga wayar a jikin bangon. "Ba komai a ciki. Mama za ta dawo ranar Litinin, su kuma suna can suna juya takarda."

"Kai da ko ƙwai ba ka iya jira ya dahu. Ajiye gudumar nan, Fintan."

Bai ajiye ba. Ranar Asabar da safe ya kafa tsani ta waje ya fara dukan bulo.

Layin farko ya zube ba wuya, har ya yi murmushi. Da ya ƙara, sai baƙar toka ta tuttulo masa a fuska. Ashe ramin da ya ji yana amsawa hanyar hayaƙi ce, ta taso daga tsohon murhun ɗakin girki na ƙarƙashin ƙasa, ta ratsa bayan tagar ta haye sama. Bulon da ya fasa su ne suke riƙe da ita.

Kafin ya sauko, tsaga ta kama hanya daga ramin zuwa rufi. Da rana aka tare titin, aka tokare bangon da ƙarafa, aka ce kada kowa ya kwana a ciki.

Gyaran ma ba na gaggawa ba ne. Irin wannan bango ba ya karɓar siminti, sai kwaɓin farar ƙasa, ita kuwa ba ta kamawa cikin sanyi. Dole a jira bazara.

Benen Dervla ba ya hawuwa ga mai karaya, sai aka kai Hanora gidan kula da tsofaffi. Fintan ya zauna a bakin gadonta, karo na farko da aka ga ya zauna ba ya motsa ƙafa.

"Mama, kogi na so ki riƙa gani."

Ta shafa kansa. "Na sani, ɗana. Kogin nan na gan shi har na gaji. Ɗakina kawai na nema."

Kullum ya zo sai ta tambaye shi, "Sanyin ya fara raguwa?" Shi kuma ya ce, "Saura kaɗan, Mama."

Ba ta kai bazara ba.

Ba a samu yin zaman makokinta a gida ba, kamar yadda aka yi wa iyayenta. Ranar jana'iza, motar gawa ta biyo ta layinsu, ta tsaya a ƙofar gidan kamar yadda aka saba yi wa kowane mamaci. Maƙwabta suka cire huluna don girmama ta. Fintan yana tsaye a bayan motar, hannun Dervla a kafaɗarsa. Direban motar gawar ya jira iya abin da ya dace, sannan ya ja suka wuce.

Darasi: Kyakkyawar niyya ba ta gyara ɓarnar gaggawa. Abin da ka tarar a tsaye tun kafin a haife ka, tambayi dalilinsa kafin ka ɗaga masa guduma, kuma in an ce ka jira, ka jira. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ba ya iya zama.