Shirun Bakari a Taron Tafkin Ƙirya

Akwai wani makiyayi a Potiskum mai suna Bakari, a 'yan shekarun nan da aka yanke Yobe daga Borno. Bafulatani ne da ya zauna gari, gidansa na can ƙarshen unguwar Yerimaram, amma hankalinsa kullum yana wajen shanu. Talatin da biyu gare shi, kowace da sunanta. Magana kuwa ba ta dame shi ba. In ya amsa maka gaisuwar safe, to ka ji rabin abin da zai faɗa a ranar.

A bayan gari, ta hanyar Nangere, akwai wani tafki da ake kira Tafkin Ƙirya, saboda itatuwan ƙirya biyu da ke bakinsa. Ba wani ƙato ba ne, amma yana da hali na daban. Sauran tafkuna duk sukan ƙafe tun sanyi bai wuce ba, shi kuwa yakan riƙe ruwa har ƙarshen bazara. Nan shanu ke sha, nan mata ke wanki, nan masu lambun albasa da yakuwa ke ɗiba. Karekare da Ngizim da Barebari da Fulani, kowa da gefensa, ba mai hana wani.

Bakari ya san dalilin da ya sa tafkin ke riƙe ruwa. Lokacin babban fari, yana matashi, mahaifinsa ya taɓa haƙa rami a gefen tafkin don neman ruwa. Kamu uku kawai suka yi cikin baƙar laka, sai ga farin yashi. Tsohon ya zuba ƙwarya guda ta ruwa a ciki, kafin ya ɗago ruwan ya ɓace. Nan da nan suka mayar da lakar, suka sa shanu suka tattake wurin.

A ranar mahaifinsa ya ce masa, "Tafkin nan ƙwarya ce aka ɗora kan yashi. Duk ranar da aka huda ta, shi ke nan."

Matar Bakari sunanta Hawwa'u, 'yar Alhaji Muhammadu Lawan ce, wani ɗan kasuwa a unguwar Hausari wanda kakanninsa suka zo daga Kano. Alhaji mutumin kirki ne, kada ku ji daga baya ku ce mugu ne. Shi ya ba Bakari 'yarsa lokacin da dangi ke cewa ina 'yar gari ina mai sanda. Saboda haka kunyar suruki da Bakari ke ji ta ninka ta kowa. Ba ya faɗin sunansa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa tun daga nesa. Fulako ne na gaske, irin wanda ake yabo.

A shekarar 1994, Alhaji ya yi ta zirga-zirga har ya samo wa jama'a aiki. Wani kwamitin raya karkara ya yarda zai kawo katafila a yashe Tafkin Ƙirya, a ƙara masa zurfi ninki biyu don ya ɗauki ruwa da yawa. Amma sharaɗin kwamitin shi ne sai an kira taro an ji ta bakin masu amfani da tafkin. Mai shela ya zaga unguwanni yana sanarwa: ranar Asabar da hantsi, a filin firamare, kowa ya zo ya faɗi abin da ke ransa.

Ranar da Bakari ya ji shelar, ko furarsa bai iya sha ba. Hawwa'u ta matsa masa da tambaya har ya ba ta labarin farin yashin.

Ta ce, "To ai da sauƙi. Bari in saka mayafi in je in gaya wa Baba yanzu."

Ya ce, "Kul! A ce na aiki mace ta je ta gyara wa mahaifinta magana? Ina zan sa fuskata?"

"To kai ka faɗa a wurin taron. Ai don haka aka kira shi."

Ya ce, "Allah ya kai mu."

Asabar ta zo, filin firamare ya cika. An jera benci ga manya a gaba, mata suna tsaye a baya ƙarƙashin darbejiya. Ga wani injiniya da aka turo daga Damaturu, saurayi mai fara'a, ga akawu a gefensa da babban littafi. Aka zaunar da Bakari a benci na biyu don girmamawa, daidai bayan surukinsa. Har ƙanshin turaren rigar Alhaji yana ji.

Alhaji ya miƙe ya yi bayani, cike da murna. Ya ce ya gaji da ganin mata suna tace ruwan laka da gyale a watan Afrilu. Ya ce in Allah ya yarda, baɗi war haka yara za su yi iyo a tafkin. Aka yi tafi, aka yi kabbara.

Sai injiniyan ya tashi ya ce, "Jama'a, ni baƙo ne a nan. Na auna faɗin tafkin da zurfinsa, amma ku kuka zauna da shi shekara da shekaru. Duk wanda ya san wani abu da ban sani ba, don Allah ya faɗa yanzu. Abin da kuka faɗa shi za a rubuta, shi za a bi."

Wani ya tambayi inda shanu za su riƙa sauka. Wani ya roƙi a ɗauki 'ya'yansu leburanci. Bakari kuwa gumi kawai yake yi. Maganar tana nan a bakinsa, ya shirya ta tun a gida. Amma da ya ɗaga kai sai idonsa ya sauka kan ƙeyar Alhaji. Ya miƙe a gaban ɗaruruwan mutane ya ce aikin da surukinsa ya yi shekara yana nema ɓarna ne? Sai ya ci gaba da zama.

Daga baya wata tsohuwa mai ginin tukwane, Yagana, wadda ke ɗibar yumɓu a bakin tafkin, ta ɗaga murya ta ce, "Ku tambayi masu shanu mana! Su suka san cikinsa. Ga Bakari nan, ubansa ma a nan ya tsufa."

Injiniyan ya juyo da murmushi. "Malam Bakari, bisimilla. Me ka gani?"

Kowa ya juyo wajensa. Alhaji ma ya ɗan waiwayo, fuskarsa a sake, yana jiran jin surukinsa. Wannan waiwayen ne ya ƙarasa Bakari. Ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Abin da manya suka gani, shi ne daidai."

Mutane suka ce, "Kai, madalla da tarbiyya!" Akawu ya duƙufa ya rubuta cewa makiyaya sun amince, babu mai ja. Aka shafa fatiha, aka watse.

A ransa Bakari bai ɗauka an gama ba. Ya ce zai bi hanyar da aka saba, ya tura dattijo ya je ya raɗa wa Alhaji a keɓe, ba tare da an kunyata kowa ba. Ya sami wani amininsa, Yaji, dillali a kasuwar shanu. Yaji ya ce a bari kasuwar Laraba ta wuce. Ranar Alhamis da Yaji ya je Hausari, aka ce Alhaji ya tafi Kano sayayya, sai bayan mako biyu.

Takarda kuwa ba ta san wannan hanyar ba. Kwana goma da taron, Bakari ya kai shanu da safe ya tarar da katafila a cikin tafkin, tifofi sun jeru ana loda musu baƙar laka. A guje ya sauka, yana ɗaga sanda yana kiran direban.

Direban ya rage wuta ya leƙo. "Lafiya, Baffa?"

"Don Allah ka tsaya! Yashi ne a ƙasa. In ka huda lakar nan ruwa ba zai zauna ba."

Direban ya ce, "Ni aiki aka ba ni, an sa hannu an gama. An ce an yi taro kowa ya yarda. Kai ina kake ranar?"

Bakari ya sauke sandarsa ya ja gefe. Yana tsaye a wurin, kafin azahar, bakin katafilar ya fito da farin yashi.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar, tafkin ya cika ya batse, ya zama abin kallo. Ana ta sa wa Alhaji albarka a masallaci da kasuwa. Har Hawwa'u ta fara cewa wataƙila mahaifin Bakari ne ya yi kuskure. Bakari ma ya so ya yarda da ita, wallahi ya so.

Da ruwan sama ya ɗauke, ya kafa wani tsinke a bakin ruwa. Washegari ya tarar ruwan ya ja baya da taƙi guda. Ya matsar da tsinken, gobe ma haka. Bai gaya wa kowa ba, kullum sai ya je ya duba ya dawo jikinsa a mace. Kafin a gama kai dawa rumbu, Tafkin Ƙirya ya zama ƙaton rami, ba ko ɗigon ruwa.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗi. Lambuna suka ƙone, masu su suka tafi ci-rani. Yagana ta daina gini, don lakar da take ɗiba an kwashe an yi cikon hanya da ita. Mata suka koma layin rijiya mai nisa, inda igiyar guga ke kusan ƙarewa kafin ta taɓa ruwa. A can aka fara faɗa tsakanin masu shanu da masu tulu, mutanen da a da ko harara ba ta haɗa su.

Shanun Bakari suka shiga tafiyar wuni guda don shan ruwa sau ɗaya. Masu ciki suka fara zubarwa, tsofaffi suka riƙa kwantawa a hanya ba sa tashi. Wasu ya yanka da hannunsa yana hawaye, wasu ya kai kasuwa fata da ƙashi. Kafin bazara ta ƙare, bakwai suka rage.

Alhaji kuwa bakin da ya sa masa albarka shi ya koma zaginsa. Aka ce ya ci kuɗin laka, alhali ko sisi bai taɓa ba. Ya daina zama a ƙofar shago, ya rame, rigunansa suka yi masa yawa.

Sai kwamitin ya sake kiran taro a filin firamaren, don a gano abin da ya faru. Mutane kaɗan suka zo. Injiniyan nan ya dawo, fara'ar ta tafi. Yana buɗe baki, Bakari ya miƙe tsaye ba tare da an kira shi ba. Ya ba da labarin fari, da ramin mahaifinsa, da kamu uku na laka, da ƙwaryar ruwan da yashi ya shanye. Ya yi magana tiryan-tiryan, ba wanda ya taɓa jin ya yi doguwa haka.

Injiniyan ya dube shi. Ya buɗe littafin bara ya ce, "Malam Bakari, ai na tambaye ka. Da sunanka na kira ka."

Wani ya ce ko za a iya mayar da lakar. Injiniyan ya girgiza kai. Ya ce tana ƙarƙashin kwalta yanzu, kuma kafin wata ta sake taruwa a ramin, sai dai jikoki su gani.

Da aka watse, Alhaji ya tako da sandarsa har inda Bakari yake. Bakari ya zame takalmi ya durƙusa kamar kullum. Tsohon bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Bakari, ni ɗan kasuwa ne. Atamfa na sani, me na sani a ƙasan tafki? Da na waiwayo ranar nan, taimakonka nake nema. Na ɗauki 'yata na ba ka, kai magana ɗaya ta gagare ka ka ba ni?"

Bakari bai ɗago ba. Hawaye ne kawai ke ɗiga kan ƙasa.

Bayan sati guda ya kaɗa shanunsa bakwai zai yi kudu neman ruwa, ya bar Hawwa'u a gidan mahaifinta tana jinyarsa. Hanyar ta bi ta gaban itatuwan ƙiryar. Da suka zo daidai wurin, babbar saniyarsa ta ratse da kanta kamar yadda ta saba shekara goma, sauran suka bi ta. Suka gangara har tsakiyar ramin, suka tsaya kan farin yashi suna shinshinawa, sannan suka juyo suna kallonsa.

Ya gangara cikin ramin ya kaɗo su, suka kama hanyar kudu.

Darasi: Kunya da girmama manya ado ne, amma ranar da aka tara jama'a aka ce kowa ya faɗi abin da ya sani game da ruwan da ake sha tare, shirunka amincewa za a rubuta shi. Ka je taron, ka miƙe, ka faɗi gaskiya cikin ladabi tun tana da amfani, domin babban da kake jin kunyarsa ma rufin asirinsa ke nan. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman masu cewa "ba ruwana" in an kira taron unguwa.