Goron da Mas'udu ya ci

Akwai wani direban trotro, wato motar haya, a unguwar Nima, Mas'udu, wanda a shekarar 1986 ya kai Baba Sayibu kotu. Eh, Baba Sayibun da duk unguwar ke kai wa rigimar aure.

Ga yadda abin ya faro. Mas'udu ya rabu da matarsa Fusena, sai rigima ta tashi kan wa zai riƙe 'yarsu Husseina. Su biyun da ƙafarsu suka je gidan tsohon.

Shi kuwa Baba yana da ƙa'ida. Kafin ya ji komai, sai ya fasa goro ɗaya, kowa ya ci ɓari a gaban shaidu. In ka ci, ka yarda ke nan: duk abin da ya yanke za ka bi, kuma ba za ka bi shi da fushi ba.

Mas'udu ya ci. Fusena ta ci.

Baba ya yanke cewa yarinya ta zauna wurin uwarta a Maamobi saboda makaranta, duk hutu kuma a kai ta wurin ubanta. Mas'udu ya tashi ko sallama babu. A tasha abokai suka zuga shi, wai tsohon da ko lasisi ba shi da shi ne zai raba ka da 'yarka? Sai ga sammaci.

Ranar da takardar ta iso, Baba ya naɗe tabarmar sulhunsa ya jingine a bayan ƙofa. Sauran dattawa da suka ji, kowa ya janye daga yin sulhu.

A kotu alƙali ya tambayi Mas'udu ko an tilasta masa zuwa wurin Baba. A'a. Yana da shaidar tsohon ya karɓi wani abu a hannun Fusena? Babu. Alƙali ya ce wanda kuka zaɓa da kanku ya sasanta ku, ba za a hukunta shi don abin da ya yanke bai yi maka daɗi ba. Ya kori ƙarar.

To amma Fusena ta ce tunda ya watsar da hukuncin, ita ma ba ruwanta da maganar hutu. Hutu biyu suka wuce bai ga Husseina ba. Ya zagaya Nima, ya je har unguwar Madina, duk dattijon da ya samu sai ya ce shi bai shirya hawa benen kotu ba.

Ƙarshe dai ya koma ya durƙusa.

"Baba, ka taimake ni."

"Da me? Goron farko ma ka ci, ka kai ni gaban alƙali."

"Na yi kuskure. Ka fasa wani."

Tsohon ya ce wannan karon ba a ɗaki ba, a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Nan Mas'udu ya tauna goro gaban jama'a, har da abokan tasha, ya faɗa da bakinsa cewa ya zalunci Baba.

Da yamma aka shimfiɗa tabarma, aka kira Fusena. Baba bai ƙara komai ba, bai rage ba, hukuncin farko ya maimaita. Hutun da ya biyo, Husseina na gaban trotro kusa da ubanta.

Darasi: Mai sulhu ba abokin faɗanka ba ne. In duk wanda ya sha kaye zai ja shi kotu, gobe ba wanda zai zauna ya saurare ka. Ku tura wa 'yan uwa su karanta. Kai fa, da kai ne Baba Sayibu, za ka sake fasa goron?